Ranar Da Na Kushe 'Yata A Gaban Turawa

Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci a wata firamare a Batagarawa, ban taɓa zaton akwai tambayar da Bature zai yi mini in kasa amsawa ba. To ai ban ma kasa ba. Da na kasa da ya fi mini alheri. Amsawa na yi tiryan-tiryan, ba inda-inda, nahawu daidai, na yi wa 'yata ɓarna a kan abin da ta shekara takwas tana wahala a kai, na kuma tashi daga kujera ina jin na burge.

'Yar fari ce. Duk wanda ya tashi a Katsina ya san abin da wannan ke nufi, amma a gidanmu na Ƙofar Durbi abin ya fi na kowa tsanani, don Innarmu ba ta ɗaukar kunya da wasa. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a zura masa ido. Ni kuma tawa ta zo da ƙari, sunan surukata aka sa mata. Ko laƙabin da 'yan gida suka ba ta ban taɓa furtawa ba. "Ke" nake ce mata. In tana nesa, "ke yarinyar nan". In labarinta nake bayarwa, "waccan". Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, ba ta dawo hannuna ba sai da ta shiga aji uku na firamare, lokacin mun tare a gidanmu na Kambarawa. A wajen Inna ta ji ƙannena suna ce mini Yaya, ita ma ta ɗauka, har yau haka take kirana.

Kada wani ya ce ba na son ta. Ina son yarinyar nan har cikin raina, faɗar ce kawai ba a koya mini ba. Abin da aka koya mini shi ne in tura tsoka mafi girma ƙarƙashin tuwonta, in kuma yi mata faɗa in ta daɗe tana ci.

Rawar da take yi ta samo asali ne daga wata malama 'yar Legas da ta zo bautar ƙasa makarantarsu ta 'yan mata, daga baya ta auri ɗan gari ta zauna. Ita ta fara tara yara bayan an tashi tana koya musu bale, rawar nan ta Turawa da ake tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa kamar mai leƙen katanga. Yara da yawa suka shiga don marmari. Da suka fara girma duk suka watse, wasu iyaye suka hana, wasu ƙafa ta hana. Tawa ce kaɗai ta kafe.

Malam, wato maigidana, ma'aikaci ne a sakatariya, mutum ne mai son komai a kan ƙa'ida. Ya gindaya sharuɗɗa: a cikin gida, ba a gaban maza ba, da sutura, kuma sai an dawo daga Islamiyya an gama aikin makaranta. Sannan ya kira mai walda ya kafa mata dogon bututun ƙarfe a bangon ɗakin baya, wanda take dafawa in tana atisaye. Aka shimfiɗa ledar ɗaki a kan sumunti. In mata sun zo gidan, ni ce mai saurin zuwa in rataya zani biyu a kan bututun. Maƙwabciyata har yaba dabarar ta yi, ta ce ita ma za ta sa a yi mata irinsa don shanyar damina.

Shekara takwas ina jin dirin ƙafarta ta bango. Ina jin tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ina jin ta faɗi, ina jin ta tashi. Ban taɓa leƙawa ba. In zan wuce ƙofar ɗakin kau da kai nake yi, yadda ake yi in an wuce mai wanka. Malam kan shiga ya zauna a bakin gado ya kalla, ya fito yana girgiza kai yana cewa, "Wagga ɗiya taki hwa ba dama." Ni kuma in ce, "Ai sai ka ce mata ta zo ta wanke tukwane."

Da ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, malamar ta zo gida da wasu takardu. Ta ce akwai wata jami'a a ƙasar waje, irin waɗanda ba kowa suke ɗauka ba, tana ba 'yan Afirka kaɗan gurbi da tallafi. Ta yi mana bayani dalla-dalla, ba ta ruɗe mu ba. Ta ce rawa kaɗai ba ta shigar da kowa irin wannan wuri, sai sakamako ya yi kyau tukuna. Amma masu sakamako mai kyau sun yi musu yawa, har ba su san wanda za su zaɓa ba, shi ya sa suke duba abin da yaro ya daɗe yana yi ba don an tilasta masa ba. Yarinyar da ta koyi bale a ɗakin baya a Katsina, da bututun famfo da bidiyon waya, ta ce wannan ba kullum suke ganin irinta ba. Kimiyyar jikin ɗan Adam za ta karanta, rawar kuma suna da ɗakinta da malamanta a can.

Aka cike takardu. Malamar ta ɗauki bidiyon rawar aka aika. Yarinyar ta rubuta tarihinta, ta goge, ta sake, har ta rame. Bayan watanni saƙo ya zo cewa ta tsallake zagayen farko, za a yi mata tambayoyi ta bidiyo. A ƙarshen saƙon aka ce tunda ba ta cika sha takwas ba, suna son ganin ɗaya daga cikin iyayenta na minti biyar.

Malam ya ce, "Ke ce malamar Turanci. Ni nawa na fayil ne."

Ban yi musu ba, har wani daɗi na ji. Aka sa ranar, bayan la'asar, saboda bambancin lokaci. Na kwana biyu ina bitar manyan kalmomi. Ran nan na ciro leshina na biki, na kafa ɗauri, na yafa babban mayafi, na turara jikina da turaren wuta, sannan na feshe da na kwalba. Don kwamfuta. Sai da ƙanwarta ta tambaye ni ko su ma Turawan za su ji ƙamshin na gane abin da na yi, na kore ta waje.

An yi wa yarinyar tambayoyi kusan rabin awa ina tsakar gida. Ina jiyo muryarta, ba rawar murya, har dariya na ji sun yi tare. Sai ta leƙo ta ce, "Yaya, ki zo." Na shiga na zauna kusa da ita. Mutum biyu ne a fuskar kwamfutar, wata dattijuwa mai furfura da tabarau, da wani mutum mai gemu yana riƙe da biro.

Na fara da gaisuwa, tunda ni ba 'yar tasha ba ce. Na tambaye su aiki, na tambaye su gajiya, na tambayi iyali, na tambayi sanyin ƙasarsu. Na gaida dattijuwar daban, na gaida mai gemu daban. Suna amsawa suna murmushi, yarinyar tana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ni kuma na ɗauka kuskure ne na janye ƙafata. Minti biyu cikin biyar sun tafi a nan.

Dattijuwar ta ce suna so su tabbatar suna faɗin sunan yarinyar daidai. Ta furta shi a karkace, sannan ta roƙe ni in faɗa musu yadda uwa take kiransa.

Sunan surukata, sunan 'yar fari, a bakina, a gaban baƙi. Na juya na ce da Hausa, "Ke, hwaɗa masu sunanki." Ta faɗa. Mai gemu ya kalli dattijuwar.

Sai tambaya ta biyu. Dattijuwar ta ce in gaya musu wace irin yarinya ce, me ya fi sa ni alfahari da ita.

A nan ne na saki jiki, don wannan tambayar na san amsarta tun ina goye. Haka Inna ta amsa ranar da ta kai ni makarantar allo, haka ta amsa ranar da ta kai ni kwalejin horon malamai, haka duk uwar kirki take amsawa in za ta damƙa ɗanta a hannun malamai. Na gyara mayafi, na ce musu gaskiya yarinyar ba ta iya komai ba. Na ce akwai ta da son jiki, ga taurin kai, in ta kafe a kan abu ba mai tanƙwara ta. Na ce ko tuwo ta tuƙa sai an tsinci gudaji. Na ce sai dai su yi haƙuri da ita, in ta yi ba daidai ba kada su raga mata, su hukunta ta kamar 'yarsu, ni na ba su amana. Duk da Turanci mai kyau na faɗi wannan. Har wata kalma na saka wadda na kwana biyu ina ajiyarta.

A wajenmu, in uwa ta faɗi haka, malami dariya yake yi ya ce, "Haba Hajiya, ai ɗiyar kirki ce." Shi ne zai yi yabon, ke kuma ki sunkuyar da kai. Na sunkuyar da kai ina jira. Ba wanda ya ce haba Hajiya. Da na ɗago, mai gemu rubutu yake yi.

Dattijuwar ta cire tabarau, ta tambaye ni a hankali, a cikin raye-rayen yarinyar wanne na fi so.

Na ce ban taɓa gani ba.

Ta ce bidiyon da aka aiko nake nufi?

Na ce a'a, rawar gaba ɗaya. Na faɗa da ɗan alfahari ma, don su san irin gidan da ta fito.

Suka yi godiya, suka yi sallama. Yarinyar ta rufe kwamfutar a hankali. Na ce, "To, Alhamdulillahi, an yi lahiya." Ba ta yi kuka ba, ba ta buga ƙofa ba, da ta yi ɗaya daga ciki da na samu abin yin faɗa. Kicin ta shiga. Kafin magariba ta kawo tuwon shinkafa ta ajiye a gabana, ta buɗe kwanon, ta koma ɗaki. Na gutsura, na murza, na sake gutsura ta wani gefen. Sumul yake, ko gudaji ɗaya babu. A nan na fara shan jinin jikina.

Washegari malamar ta zo. Yarinyar ta riga ta ba ta labari ta waya. Matar nan ta shekara da shekaru a Katsina, ta san halinmu, don haka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maman yara, su mutanen can, abin da kika faɗa shi suke rubutawa. Ba su san ana faɗin abu don a musa ba."

Na ce, "To su ba su da hankali ne? Wace uwa ce za ta zauna ta yabi ɗiyarta da bakinta?"

Ta ce, "Duk sauran iyayen da suka gani jiya."

Kunya iri biyu ta haɗu mini, wadda aka raine ni da ita da wata sabuwa da ban san inda zan ajiye ta ba. Malamar ta ce ƙofa ba ta rufe ba tukuna, an ba masu nema zuwa ƙarshen mako su ƙara duk abin da suke so a fayil ɗinsu. Ta ce in rubuta gajeriyar wasiƙa in bayyana al'adar, a haɗa da sabon bidiyo na rawar da yarinyar ta ƙirƙira da kanta.

Wasiƙar ta ba ni wuya fiye da duk jarrabawar da na taɓa zaunawa. Bayanin al'ada ya zo da sauƙi, shafi guda cur. Da na zo wajen yabo sai biro ya tsaya. A gwaji na farko na rubuta cewa yarinyar ba laifi. A na biyu na rubuta cewa mutane suna cewa tana da ƙoƙari. Malam ya karanta ya ce, "Wagga ai takardar sallamar ɗan aiki ce." A na uku na daure na rubuta cewa shekara takwas ban taɓa jin ta fasa atisaye ba, ko da azumi, ko da zazzaɓi. Wannan aƙalla na san shi, tunda da kunnena na ji.

Saura bidiyo. Ranar Juma'a da hantsi aka shirya, sai malamar ta bugo ta ce ɗanta ba lafiya. Malam ya ce shi hannunsa rawa yake yi, mutumin da yake zare ƙaya da allura ba tabarau. Na san haɗin baki ne, amma ba yadda zan yi. Na karɓi wayar na shiga ɗakin baya, ɗakin da nake sharewa kullum amma ban taɓa shiga tana ciki ba.

Tana zaune a ƙasa tana ɗaura takalman rawa. Ƙafarta na fara gani. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi babu farcen ma sam, gefen ƙafar duk kanta, ga filasta a yatsu uku. Shekara nawa ina faɗa a kan filastar gidan nan da ke ƙarewa, ina zargin ƙannenta da wasa da ita. Takalman kuma na hannu ne da malamar ta samo mata, bakinsu ya sha ɗinki da zaren da na gane na cikin gwangwanin ɗinkina ne. Ba ta ɗago ba.

Ta miƙe, baƙin wando da doguwar riga, ɗankwali ɗaure tamau. Ta nuna mini inda zan tsaya da inda zan danna. Ta kunna kiɗan ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta.

Ban san sunayen abubuwan da ta yi ba, har yau ban sani ba. Na dai ga yarinyar da nake aika sayen magi ta tashi a kan yatsun nan masu ciwo kamar ba ta da nauyi, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta baya har ta wuce kafaɗarta, ta tsaya cak, ko gezau. Ta juya, ta juya, ta sake juyawa, ɗakin da bai fi taku shida ba ya ishe ta. A tsakiyar rawar ta sunkuya tana murza hannu biyu, ta ɗaga, ta watsa, sai na gane Inna ce take kwaikwayo in tana sheƙar gero a faifai. Fuskarta ba irin wadda na sani ba ce. Ba ta neman iznin kowa.

Kiɗa ya ƙare, ta tsaya tana haki. Ta ce, "Yaya, mu gani."

Na miƙa mata wayar. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Yaya, kin danna kau?"

Ban danna ba. Minti huɗu na tsaya riƙe da waya a sama kamar mai neman sabis.

Na zaci za ta yi fushi. Sai ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar farko tun ranar tambayoyin. Ta huta, ta sha ruwa, ta danna da kanta ta ba ni. Aka sake. Wannan karon na riƙe da kyau, na ce a raina aiki na zo yi ba kallo ba. Amma da ta zo wajen juyin nan, ta yi shi ya fi na farko, ta tsaya a kan ƙafa ɗaya ba ko girgiza, sai na ji wata murya a ɗakin ta kira sunanta. Cikakken sunan, na yanka, sau biyu, da Masha Allah a bayansa. Ba kowa a ɗakin sai ni da ita.

Ta ƙarasa rawar ba ta ko kalle ni ba. Da muka duba bidiyon, ga muryata nan raɗau, ta fi kiɗan ƙarfi. Na ce a goge a sake. Ta ce ƙafarta ta gaji. Na ce to a cire sautin. Ta ce ba ta iya ba, yarinyar da take gyara wa duk unguwa waya. Haka aka aika shi.

Amsa ta zo bayan 'yan makonni. Ba su ɗauke ta ba. Wasiƙa ce mai ladabi, sun ce masu nema sun yi yawa, gurbi kaɗan ne, sun yaba da rawarta. Na karanta ta ya fi sau goma ina neman inda aka ambace ni, babu. Na tambayi malamar ko ni ce sanadi. Ta ce irin waɗannan wurare suna mayar da yara masu kyau da yawa, ba wanda zai iya cewa ga dalili. Ta faɗa tana gyara igiyar jakarta, ba ta kalle ni ba. Har yau ban sani ba, kuma na haƙura da cewa ba zan taɓa sani ba. Abin yana ci mini rai, musamman in na wuce ɗakin baya na ga bututun da zannuwa a kai, yanzu da gaske shanya ake yi.

Ta samu gurbi a wata jami'a a nan ƙasar, tana karanta aikin gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Ta tafi da takalman. Ta ce tana atisaye a ɗakin kwanansu in 'yan ɗakin sun fita, tana dafa ƙarfen gado.

Da ta zo hutun farko muka je gaida Inna a Ƙofar Durbi. Ɗakin cike, ga ƙannena, ga matan maƙwabta biyu. Can yarinyar ta fara lalube, ta ce ba ta ga wayarta ba. Ta ce, "Yaya, ɗan kira mini ita."

Na kira. Daga ƙarƙashin matashin da Inna take jingine, sai ga muryata ta tashi, tana kiran sunan surukata sau biyu, Masha Allah, ta sake, Masha Allah. Ashe yankar wurin ta yi ta mayar da shi ƙarar kirana. Wata huɗu ke nan duk lokacin da na buga mata in tambaye ta ko ta ci abinci, abin da 'yan ɗakinsu suke ji ke nan.

Inna ta zaro wayar da yatsu biyu, ta kalle ta, ta kalle ni. Ta ce, "Muryar wa nike ji haka?" Ƙannena suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ja yarinyar zaure, na ce cikin raɗa, "Ke, ba ki da kunya? Maza ki goge abin nan."

Ta karɓi wayar ta riƙe a ƙirji. Ba dariya a fuskarta. Ta ce, "Yaya, su can ba su ba ni komi ba. Wanga kaɗai na samu a cikin neman. Shi ma in goge?"

Sai a lokacin na lura ban katse kiran ba, wayar tana ta kiran sunanta a tsakaninmu. Na bar shi ya yi ta yi har ya tsinke don kansa.